Alewar Kuzari: Guzurin Mai Gudu a Kan Teburin Akawu

Akwai wata irin alewa da Turawa ke yi wadda suke cewa tana ƙara kuzari. Ana haɗa hatsi da gyaɗa ko busassun 'ya'yan itatuwa, a kwaɓa da sukari ko zuma, a matse ta zama kamar ƙaramar sandar sabulu, sa'an nan a naɗe a takarda. Ba ta bukatar wuta, ba ta bukatar kwano, tana shiga aljihu. Saboda haka ma'aikata da yawa a ƙasashen Turai da Amurka suka mai da ita abincin rana. To, ya kamata akawu da malamin makaranta su san asalinta kafin su yi koyi.

Tun farko ba don mazauna ofis aka yi ta ba. A shekarar 1953, ayarin da ya kai Edmund Hillary da Tenzing Norgay ƙwanƙolin dutsen Eberest ya tafi da wata alewar sukari ta garin Kendal na Ingila cikin guzurinsa. Wajen ƙarshen shekarun 1960 kamfanin Pillsbury na Amurka ya yi wani abinci mai kamar sanda domin 'yan sama jannati, daga baya ya sayar wa jama'a. A 1986 kuma wani ɗan tseren gudu, mutumin Kanada, mai suna Brian Maxwell, ya fara yin PowerBar a garin Berkeley na Kalifoniya. Dalilinsa kuwa shi ne, mai tseren mil 26 yakan ƙone sukarin da jikinsa ya ajiye tun bai kai ƙarshe ba, sai ƙafafu su mutu. Irin wannan mutum yana bukatar abin da zai shiga jini nan da nan.

Amma fa mai zama bisa kujera daga safe har azahar ba haka yake ba. Yawancin wannan alewa, guda ɗaya tana ɗauke da kalori 200 zuwa 250, watau ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki. Babban mutum yana bukatar wajen kalori 2,000 a yini. Kafin ya ƙone na alewa guda, sai ya yi tafiyar kusan awa ɗaya a ƙasa. In bai yi ba, jiki ya mai da saura kitse.

Ga kuma maganar sukari. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kada sukarin da ake ƙarawa cikin abinci ya wuce kashi 10 cikin 100 na abin da mutum ke ci. Ga yawancin manya wannan ya kama gram 50 a yini, wajen ƙaramin cokali 12. Ta ce in an rage zuwa rabin haka ya fi. Alhali kuwa wasu irin alewar nan suna da gram 20 a guda ɗaya, cokali 5 ke nan. Wanda ya sha shayi mai zaƙi da safe, ya ci guda biyu da rana, ya riga ya ƙetare iyaka. Yawan sukari kuwa yana cin haƙora, yana kawo ƙiba, ƙiba kuma takan share wa ciwon sukari da hawan jini hanya.

Ba duka ne aka taru aka zama ɗaya ba. Mai saye ya juya takardar ya karanta, gama bisa ƙa'ida abin da ya fi yawa shi ake fara rubutawa. In ya ga sukari a sahun gaba, alewa ce kurum. In hatsi da gyaɗa ne a gaba, sukari kaɗan, to, da dama-dama.

Mu dai ba baƙin guzuri ba ne. Fatake sun daɗe suna tafiya da dabino da ƙuli-ƙuli da dakuwa. Gyaɗa, wajen rubu'inta duk abin gina jiki ne, tana kuma riƙe ciki, ga araha. Amma ita ma cin ta sai da lissafi, domin tana da mai, dabino kuma yana da zaƙi.

Saboda haka mai doguwar tafiya ko wasan guje-guje ya ci alewar kuzari ba laifi. Mai aikin alƙalami kuwa ya karya kumallo sosai kafin ya fito, ya ajiye 'yar gyaɗa da ayaba ko lemo a kusa. Lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke.