Daga Minjirya Zuwa Na'urar Gashi: Me Kahraba Ke Warkarwa, Me Ba Ta Warkarwa?

Daga Wakilinmu

Duk masuncin da ya taɓa jefa koma a Shuɗin Nilu, tun daga Rusairis har zuwa Mai Wurno da Sinnar, ba sai an yi masa bayanin minjirya ba. Kifi ne mai santsi, ba shi da ɓawo, amma ranar da ka kai masa hannu da ganganci sai ka ji kafaɗarka kamar an make ta da taɓarya. Larabawan Sudan na ce masa barada. Masana sun auna jan da babbar minjirya ke yi, suka tarar yana iya kaiwa kusan bolt 350, watau ya ɗara wutar da ake ja wa gidaje, illa dai nata na ɗan lokaci ne ƙwarai.

Abin da mai karatu zai yi mamaki shi ne, da irin wannan kifi aka fara maganin da a yau mutanenmu ke tafiya Wad Madani nema, wanda a nan ake kira ilaj ɗabi'i ko zaman kahraba, 'yan'uwanmu na Nijeriya kuwa suna ce masa gashi. Misirawan dā sun zana minjirya a bangon kaburburansu. A wajen shekara ta 47 miladiyya wani likitan Rumawa mai suna Scribonius Largus ya rubuta cewa a ɗora wa mai ciwon kai ko ciwon gaɓɓai wani kifin teku mai jan lantarki har wurin ya yi sanyi. Bayan da Michael Faraday na Ingila ya gano yadda maganaɗisu ke haifar da lantarki a 1831, sai likitan Faransa Duchenne ya shiga motsa tsokar majinyata ɗaya bayan ɗaya da wuta, ya kuma wallafa abin da ya gani a 1855. Daga nan abin ya shiga asibiti.

Dalilin da ya sa ya shafe mu

Tun lokacin da Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ya iso nan da jama'arsa bayan yaƙin Burmi na 1903, da kuma lokacin da aka gama madatsar Sinnar aka buɗe aikin noman Jazira a 1925, da ƙarfin jiki mutanenmu ke ci. Cirar auduga, yankan dawa, yashe tur'a, noman albasa a bakin kogi, su, duk aiki ne na baya da gwiwa da kafaɗa. Magidancin da ɓarin jikinsa ya shanye, ba shi kaɗai ya kwanta ba, gidansa ne gaba ɗaya ya kwanta, musamman a kambo inda mafi yawa ba su da hawasha tasu, sai aikin ƙodago.

Cututtukan da ke kai mu ɗakin gashi sanannu ne: shanyewar ɓarin jiki da hawan jini ke kawowa, ciwon baya da na gwiwa, karaya da ta warke ta bar gaɓa a sandare, ƙafar yaro da ta saki bayan an yi masa allura a ɗuwawu ta taɓa babbar jijiya, da tsofaffin masu shan inna. Sa'an nan ga cutar nan ta nabit, wadda likitoci ke kira maisitoma, mai shiga ta sukar ƙaya ta cinye ƙafa sannu a hankali har a kai ga yankewa. Jazira da Sinnar na cikin wuraren da ta fi yawa a duniya. Bugu da ƙari, yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya ƙara mana masu raunin harsashi da masu yankakkun gaɓoɓi.

Na'urorin iri-iri ne

Kuskuren farko da muke yi shi ne ɗaukar duk abin da aka jona a bango a matsayin abu guda. A'a, kowace na'ura da aikinta.

Akwai ƙaramar nan mai batir, wadda ba ta fi tafin hannu ba, ana kiran ta TENS. Ana manna 'yan faifan roba biyu ko huɗu a fata, mutum ya ji kamar kiyashi na tafiya a wurin. Aikinta rage zafi ne kawai. Tushenta wani bayani ne da Ronald Melzack da Patrick Wall suka kawo a 1965, cewa a cikin laka akwai kamar ƙofa da saƙon zafi ke bi ya isa ƙwaƙwalwa, kuma idan aka cika hanyar da saƙon taɓawa sai na zafin ya ragu. Shi ya sa in ka buge gwiwa kake murza wurin. Wasu na samun sauƙi muddin na'urar na kunne da ɗan lokaci bayan haka, amma ba ta gyara abin da ya kawo ciwon. Har ma hukumar da ke tsara ka'idojin magani a Ingila ta ba da shawara a 2016 cewa kada a riƙa amfani da ita ga ciwon ƙugu, domin hujjar amfaninta a nan ba ta da ƙarfi.

Ta biyu ita ce mai motsa tsoka. Wannan za ka ga yatsu ko ƙafa na ɗagawa da kansu duk lokacin da wutar ta shiga. Tana da amfani ga tsokar da ta rame saboda daɗewa a filasta ko a kwance, da kafaɗar mai shanyewar jiki da ta zube, da wuyan hannun da ya ƙi miƙewa. A 1961 wani likita mai suna Liberson a Amurka ya haɗa wata da ke ɗaga tafin ƙafa daidai lokacin da mutum ke ɗaga sawu, don mai jan ƙafa ya daina tuntuɓe, kuma har yau ana ƙera irinta.

Ta uku su ne masu ɗumama, kamar fitila mai jan haske da babbar na'urar nan mai aika zafi can cikin nama. Suna sassauta gaɓar da ta sandare kafin a motsa ta. Aikinsu bai yi nisa da na tsumma da ruwan zafi na iyayenmu mata ba, sai dai wasunsu sun fi kai wa ciki.

Maganar maganaɗisu

A nan ne ake cin kuɗin talaka. Maganaɗisu na asibiti gaskiya ne, amma na lantarki ne mai bugawa yana sakewa. Tun 1979 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da irinsa don karayar da ta ƙi haɗewa bayan watanni. A 1985 kuma Anthony Barker da abokan aikinsa a Sheffield ta Ingila suka ƙera wanda ake ɗorawa a kai ya motsa ƙwaƙwalwa ba tare da tiyata ba, daga baya aka amince da shi a Amurka a 2008 don ciwon damuwa mai tsanani. Waɗannan na'urori ne masu tsada.

Awarwaro da zobe da ɗamarar maganaɗisu da ake tallatawa a kasuwa, ko ake kawowa tsaraba daga Saudiyya, wani abu ne dabam. A 2007 wata mujallar likitoci ta Kanada ta tattara gwaje-gwajen da aka yi a kansu, inda aka ba wasu na gaske wasu kuma na bogi ba su sani ba, ba a ga wani bambanci na a zo a gani wajen rage zafi ba. Masu talla kan ce yana jan ƙarfen da ke cikin jini. To, da haka ne, da mai shiga na'urar hoton maganaɗisu ta asibiti, wadda ta fi awarwaro ƙarfi nesa ba kusa ba, bai fito da rai ba. Wanda ya sa don ado, ba laifi. Wanda ya sa ya ajiye ƙwayar hawan jininsa, shi ne ya sayi wahala da kuɗinsa.

Abin da wuta ba ta yi

Alal misali, a ɗauki dattijo daga wani ƙauye a kudancin Jazira da ɓarinsa na dama ya shanye. 'Ya'ya su sayar da tumaki, a ɗauki mota zuwa birni, a yi zaman kahraba goma, a dawo da shi a shimfiɗe a kan angarib ana jiran aikin wuta ya bayyana. Bayan wata shida hannu ya naɗe, ƙafa ta sandare, baya ya yi gyambo, sai a ce ai kahraba ƙarya ce. Ba ƙarya ba ce, an ɗora mata kayan da ba nata ba ne.

Ciwon mai shanyewar jiki a ƙwaƙwalwa yake, ba a hannu ba. Ƙwaƙwalwa kuwa da maimaici take sake koyo: tashi zaune, tsayuwa, ɗaukar moɗa, taku ɗaya, taku biyu, kullum safe da yamma. Mafi yawan sauƙin da ake samu yana zuwa ne a watanni uku zuwa shida na farko, don haka icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wuta 'yar rakiya ce, motsa jiki shi ne maganin. Haka nan mai shan inna, ƙwayoyin da suka mutu a lakarsa ba wutar da za ta tashe su. Abin da ke taimakonsa miƙar da gaɓoɓi, takalmin ƙarfe da sandar dogarawa. Jijiyar da allura ko harsashi ya taɓa kuwa, in za ta toho, kimanin milimita ɗaya take yi a yini, watau kusan inci guda a wata. Sai haƙuri, tare da tallafe ƙafar kada ta ƙage a lanƙwashe kafin jijiyar ta iso.

Hattara

Ba kowa ake sa wa wuta ba. Ba a sa wa wanda aka dasa wa na'urar daidaita bugun zuciya. Ba a sa wa mai juna biyu a ciki ko a ƙugu. Ba a mannawa a maƙogwaro, ko a ido, ko a kan mai farfaɗiya, ko a kan gyambo da ƙari, ko a ƙafar da jini ya daskare a cikinta. Mai ciwon sukari ko kuturta da ƙafarsa ta daina jin zafi yana iya ƙonewa ƙurmus bai sani ba. Wanda aka sa wa ƙarfe a ƙashi ya faɗa tun kafin a kusantar da shi na'urar ɗumama ciki. Wayar gida kuwa, ko batirin mota, kada wani ya kuskura ya gwada. Wutar asibiti aunanniya ce, 'yar mitsitsiya, ta gida kisa take yi.

Ina mafita?

Ko kafin yaƙi, ƙwararrun gashi a birane suka taru, duk da cewa jami'o'i irin su Ahfad ta mata da Nilain sun yaye ɗalibai a fannin, kuma ƙungiyar Red Cross ta duniya ta daɗe tana tallafa wa cibiyoyin ƙafar roba a Hartum da Damazin. Wad Madani ta faɗa hannun dakarun RSF a Disamba 2023, soja suka karɓe ta a Janairu 2025. Sinja kuwa daga Yuni zuwa Nuwamba 2024. A tsakanin nan an wawashe asibitoci da dama, ma'aikata suka watse. Ga kuma tsohon kukanmu: madatsar Rusairis tun 1966 take tsaye, amma kambo nawa ne ke kwana da fitilar hannu?

Saboda haka abin da ke hannunmu shi za mu riƙe. Duk iyalin da suka kai majinyaci ɗakin gashi, su sa mutum ɗaya mai natsuwa ya tsaya ya koyi motsin da ake yi, ya nemi a nuna masa da hannunsa, domin shi ne likitan gida. A riƙa juya na kwance duk bayan awa biyu. A kafa sanduna biyu a tsakar gida ya riƙa dafawa yana taku. Masu ɗori da wanzamanmu, waɗanda su ake fara kai wa, su daina ɗaure karaya tamau har yatsu su yi baƙi, kuma in sun ga baki ya karkace ko magana ta sarƙe su tura asibiti nan take. Kungiyoyin matasa da kwamitocin masallatai na iya haɗa kuɗi su tura yaro ɗaya ko yarinya ɗaya daga kowane gari su koyo wannan aiki. Sa'an nan duk wanda ya haura shekara arba'in ya riƙa auna jininsa, ya rage gishiri, domin rigakafi ya fi magani.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.