Shiga Jami'a: Tambayoyin Da Ake Yi Da Waɗanda Ake Mantawa

Daga Wakilinmu

Duk shekara, da zarar Hukumar Shirya Jarrabawar Shiga Jami'o'i, wadda aka fi sani da JAMB, ta saki sakamako, sai gidaje su ɗauki zafi. Yaro ya riƙe waya yana bin yayyensa da tambaya, uba kuwa ya shiga ofis yana cigiyar abokin aikin da ya san wani malami a Samaru ko Kano. Tambayar kowa guda ce: shin wannan maki zai isa?

Tambaya ce mai kyau, amma ita ce ta farko kurum. Duk wanda ya zauna da ɗaliban da suka riga suka shiga zai tarar da cewa yawancin wahalar da suke sha ta samo asali ne daga wasu tambayoyin da ba su yi ba, ko kuwa suka yi su bayan aikin gama ya gama. Saboda haka muka ga ya dace mu jero manyan tambayoyin nan bi da bi, tun daga bakin ƙofa har ranar fita.

Kafin nan, ya kamata a san yadda aka zo nan. Kwalejin Jami'a ta Ibadan, wadda aka buɗe a 1948, ita kaɗai ce a ƙasar nan har bayan shekara goma. A watan Oktoba na 1962 aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, marigayi Sardaunan Sakkwato ya zama Uban Jami'a na farko. A 1975 aka kafa na Sakkwato da Maiduguri da Jos, sa'an nan Kwalejin Abdullahi Bayero ta Kano ta zama cikakkiyar jami'a a 1977. A lokacin kowace jami'a ita ke ɗaukar ɗalibanta, har mutum ɗaya ya kan sami gurbi a wurare uku, wani kuwa ya tashi a tutar babu. Domin magance wannan aka kafa JAMB a 1978. Yau jami'o'in ƙasar nan sun haura 250, amma masu nema sun fi su saurin ƙaruwa, domin a 2025 fiye da mutum miliyan ɗaya da dubu ɗari tara ne suka zauna jarrabawar.

Maki nawa zai isa?

Jarrabawar darasi huɗu ce, Turanci dole, sauran ukun kuwa bisa ga abin da mutum yake so ya karanta, jimlar maki 400. A kan yi taro kowace shekara a tsai da mafi ƙarancin makin da jami'a za ta karɓa, a 2025 an tsaya a kan 150. To, a nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Wannan lamba bakin gaɓa ce kawai. Kowace jami'a tana da nata makin, kowane sashe ma da nasa, kuma galibi a kan sake tantance ɗalibai bayan jarrabawar JAMB. Makin da zai shigar da mutum sashen Tarihi ba lalle ne ya kai shi ko kusa da sashen Likitanci ba, domin majalisun da ke kula da aikin likita da na lauya sun ƙayyade wa kowace jami'a adadin ɗaliban da za ta ɗauka.

A jami'o'in Gwamnatin Tarayya a kan raba gurabe kashi uku: kashi 45 cikin 100 bisa cancanta, kashi 35 ga 'yan jihohin da ke yankin jami'ar, kashi 20 kuma ga jihohin da aka bari a baya wajen ilmin zamani. Akwai kuma ƙa'idar nan ta bai wa fannin kimiyya kashi 60, na adabi da makamantansa kashi 40. Watau ke nan zaɓen jami'a ma wani ilmi ne. Mai matsakaicin maki da ya tsallake jami'ar yankinsa ya nufi wata mai nisa, ya rage wa kansa ƙofa ɗaya cikin uku.

Ban da maki, sai an sami kiredit biyar a jarrabawar fita sakandare, har da Turanci, a zama ɗaya ko biyu. Lissafi wajibi ne ga masu kimiyya da fasaha da kimiyyar zaman jama'a, ko da yake a 2025 Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya ta sassauta wa masu fannin adabi. Shekarun haihuwa kuma kada su kasa 16. Kuskuren da ya fi ban takaici shi ne haɗa darussan da ba su dace da kwas ba. Sai yaro ya ci maki mai yawa, amma na'ura ta tsallake sunansa saboda ya rubuta Tattalin Arziki a inda ake neman Fizik. Littafin jagora na JAMB ya fayyace wannan sashe sashe, karanta shi kuwa kyauta ne.

An ce an ba ni gurbi, na gaske ne?

Wannan ita ce tambayar da aka fi mantawa, ita ce kuma mai tsada. Tun 2017 JAMB ta fito da wani tsari na kwamfuta da ake kira CAPS, wanda ta nan ne kaɗai ake ba da gurbin da doka ta sani. Jami'a ta miƙa suna, JAMB ta amince, ɗalibi kuma ya shiga da kansa ya nuna ya karɓa, sa'an nan ya buga takardar shaida. Duk gurbin da ya biyo ta wata hanya, ko wane ne ya kawo shi, rijiya ce gaba dubu. Ɗalibi zai iya shekara huɗu yana shiga lacca, yana cin jarrabawa, sai ranar da aka zo tura sunayen masu bautar ƙasa a ce ba a san da zamansa ba. 'Yan cuwa-cuwa da ke karɓar kuɗin iyaye da alkawarin samo gurbi ba sa faɗar wannan.

Haka nan ya kamata a tambaya ko Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, watau NUC, ta amince da kwas ɗin kansa a wannan jami'a, domin amincewa da jami'a dabam, amincewa da kowane kwas dabam. Masu sha'awar tsallaka iyaka kuwa su tuna cewa a watan Janairu na 2024 Gwamnatin Tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Jamhuriyar Benin da Togo, bayan wani ɗan jarida ya nuna yadda ya sayi digiri cikin 'yan makonni.

In ban samu ba fa?

Rashin gurbi a shekarar farko ba ƙarshen duniya ba ne. Akwai jarrabawar IJMB da ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, inda ake karanta darasi uku na kimanin shekara guda, wanda ya ci kuma ya nemi shiga aji biyu kai tsaye. Akwai makarantun share fage, irin wadda jami'ar take da ita a Funtuwa. Mai takardar NCE daga kwalejin horon malamai, da mai difloma daga kwalejin fasaha, su ma suna iya neman aji biyu. Hanya ce mai ɗan zagaye, amma ta fi zaman jiran tsammani shekara da shekaru.

Wanda aka bai wa kwas ɗin da bai nema ba kuwa, ya yi shawara da kyau. In ya karɓa da niyyar sauyawa daga baya, ya sani sauyin ba tabbas ba ne, kuma ba a yi wa kowa sai mai sakamako mai kyau. Wanda ya raina kwas ya yi sakaci da shi, sai ya rasa tsuntsu ya rasa tarko.

Yaya ake lissafin sakamako?

A sakandare malami ne ke bin yaro da bulala. A jami'a babu ƙararrawa, babu mai tada mutum da asuba, sai dai lissafi yana tafiya a ɓoye. A yawancin jami'o'inmu, wanda ya ci 70 zuwa sama ya sami A, mai daraja 5. Daga 60 zuwa 69 B ce, daraja 4. Daga 50 zuwa 59 C ce, daraja 3, haka har zuwa F wadda ba ta da kome. Kowane darasi kuma yana da nauyinsa. In ɗalibi ya ci A a darasi mai nauyi 3, ya tara 15. In ya ci C a mai nauyi 2, ya tara 6. A haɗa a sami 21, a raba da jimlar nauyi 5, sai a sami 4.20. Haka ake tarawa zango bayan zango har a gama, abin da ɗalibai ke kira CGPA.

Daraja ta ɗaya tana farawa daga 4.50, babbar daraja ta biyu daga 3.50, ƙaramarta daga 2.40, ta uku kuwa daga 1.50. Ga abin lura. A ce ɗalibi ya yi wasa a shekarar farko ya tashi da 2.00, kuma nauyin darussan shekarun nan huɗu daidai yake. Kafin ya kai 3.50 sai ya riƙa samun 4.00 a kowace shekara cikin ukun da suka rage, ba tare da ya yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Da yawa sai a aji uku suke gane wannan, alhali icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Darasin da aka faɗi sai an sake shi, wannan shi ne kari-oba da ake ta jin tsoro. Wanda sakamakonsa ya yi ƙasa ƙwarai a kan ja masa kunne na shekara guda, in bai gyara ba a sallame shi. Jami'o'i da dama kuma ba sa barin wanda bai halarci kashi 75 cikin 100 na laccoci ba ya shiga ɗakin jarrabawa. Satar amsa kuwa hukuncinta ya kan kai ga kora.

Ina zan kwana, me zan ci?

Iyayen da suka yi jami'a a shekarun 1970 su kan ba da labarin ɗakin cin abinci da tikiti mai rahusa. Ƙarin kuɗin abinci da na ɗaki ne ma ya haddasa boren ɗalibai na 1978, lokacin da Kanar Ahmadu Ali yake Kwamishinan Ilmi na Tarayya, har aka yi asarar rayuka. Wannan zamani ya wuce tun shekarun 1980. Yau ɗalibi shi ke ciyar da kansa, ko ya saya ko ya dafa.

Ɗakunan kwana kuwa, irin su Amina da Ribadu da Sulaiman da Ɗanfodiyo a Samaru, ba su isa kowa ba, haka abin yake a sauran jami'o'in gwamnati. Wanda ya yi jinkirin rajista sai ya nemi haya a cikin gari, ga kuɗin mota ga kuɗin ruwa. Don haka uban da ke lissafin kuɗin makaranta ya sa da na ɗaki da abinci da littattafai da sufuri, musamman da yake jami'o'in tarayya da dama sun ƙara kuɗin rajista a 2023.

Akwai taimako iri biyu da ya kamata a tambaya. Na farko, hukumomin ba da tallafin karatu na jihohi. Na biyu, asusun rancen ɗalibai na NELFUND, wanda aka sa hannu a dokarsa a watan Afrilu na 2024. Rance ne marar ruwa ga ɗaliban makarantun gwamnati. Asusun yana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga jami'a, wanda ya nema kuma a ba shi Naira 20,000 a wata na kashewa. Amma a tuna bashi ne: ana fara biya shekara biyu bayan gama bautar ƙasa, a riƙa cire kashi 10 cikin 100 na albashi.

Yaushe zan gama?

A takarda, yawancin kwasa-kwasai shekara huɗu ne, Injiniyanci da Aikin Gona da Shari'a biyar, Likitanci shida, mai Shari'a kuma sai ya ƙara da Makarantar Horon Lauyoyi. A zahiri kuwa, yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ya sha tsawaita wa'adin nan. A 2020 an yi kusan wata tara, a 2022 kuma wata takwas cur, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Wannan ya shafi wata doka da ba kowa ya sani ba: tsarin bautar ƙasa da Janar Yakubu Gowon ya kafa a 1973 ba ya ɗaukar wanda ya haura shekara 30 a ranar da ya gama digiri, sai dai a ba shi takardar ɗauke nauyi. Wanda ya shiga jami'a da 'yan shekarunsa ya yi wannan lissafi tun yanzu.

Ma'aikaci fa?

Ma'aikacin gwamnati da ke son ƙaro ilmi yana da hanyoyi: hutun karatu da albashi ko ba albashi, karatun ƙarshen mako, ko kuwa Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1983, aka dakatar a 1984, aka farfaɗo da ita a 2002. Ko wacce ya zaɓa, ya nemi izni a rubuce kafin ya fara, ya adana kwafinsa a fayil. Maganar baki da maigida a ofis ba ta zama hujja ranar da aka zo duba takardu domin ƙarin girma, balle ma in an yi wa maigidan canjin wurin aiki.

Wa za a tambaya?

Kowace jami'a tana da littafin dokokin ɗalibai, kowane aji yana da malamin da aka ɗora wa kula da rajistarsa, akwai kuma ofishin Magatakarda da na Shugaban Harkokin Ɗalibai. Waɗannan su ne masu amsa da sa hannu. Abokin ɗaki da ɗan aji uku za su iya nuna wa sabon shiga hanyar laburare da inda abinci ya fi araha, amma in maganar rajista ce ko sakamako, a je ofis. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata, sai dai fa in ya tambayi wanda shi ma bai san hanyar ba. Allah ya ba 'ya'yanmu ilmi mai amfani, amin.