Dalilin Yawan Eriya a Kan Hasumiyar Wayar Hannu

Tun shekarar 2001 da wayar hannu irin ta GSM ta fara aiki a Nijeriya, hasumiyoyin ƙarfe suka yawaita a birane. Talakawa sukan tambayi Hakimai da malamansu abin da ya sa ake jera eriya da yawa a kan hasumiya guda, har wasu suna zargin akwai wata manufa a ɓoye. Ga bayanin da ya kamata a yi musu.

Muryar mai magana takan tashi daga wayarsa a kan igiyar rediyo, wadda ido ba ya gani. A fili takan nufi hasumiya sosai. Amma a birni kamar Kano ko Kaduna sai ta bugi benaye da rufin kwano da motoci, ta rarrabu, ta isa ta hanyoyi da dama, wani kashi a gaba wani a baya, kamar amsa-kuwwa tsakanin duwatsu. A wani wuri su ƙarfafa juna, a wani su kashe juna. Tsawon igiyar megahaz 900 wajen inci 13 ne kurum, saboda haka tsakanin inda murya ke da ƙarfi da inda ta dushe bai kai taƙi ɗaya ba. Shi ya sa mutum yakan gusa kaɗan magana ta yanke.

Maganin abin shi ne a ba hasumiya kunne biyu, watau eriya biyu masu saurare, a bar tazarar wajen ƙafa 10 tsakaninsu. Da wuya murya ta dushe musu lokaci guda. In kowace tana rasa ta sau ɗaya cikin goma, su biyun tare sai sau ɗaya cikin ɗari, muddin an raba su sosai. Daidai yake da Hakimi ya aika manzo biyu da damina ta hanya dabam-dabam, ko rafi ya tsare ɗaya, ɗayan ya isa. Na'urar da ke gindin hasumiya takan zaɓi wadda ta fi ji, ko kuwa ta gama su, ta fi dogara ga mai tsabtar murya. Gamawar ta fi kyau.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Injiniyoyi biyu na kamfanin RCA a Amurka, Beverage da Peterson, sun yi aiki da ita tun shekarun 1920, wajen karɓar saƙon rediyo daga ƙetaren teku.

Amma wuri yana da wuya a birni. Don haka aka koma sanya eriya biyun cikin akwati guda, ɗaya a karkace digiri 45 dama, ɗaya hagu, domin igiyar da ta bugi gine-gine takan iso a jirkice. Farin dogon akwatin nan da ake hange, eriya biyu ne a cikinsa ko fiye. Galibi kuma akan raba kewayen hasumiya fuska uku, kowace digiri 120 da nata akwatin. In hasumiya tana ji da kyau, wayar mutum takan rage ƙarfin da take fitarwa, batirinta ya ƙara daɗewa.