Je Ka Tambayo Kaka: Koyon Rubutu Daga Bakin Manya

(KIƊAN BUƊE SHIRI, SANNAN A SASSAUTA)

MAI GABATARWA: Shirin yau na malaman makaranta ne da ɗalibansu, har da iyaye da kakanni da ke gida. Za mu duba yadda ake koya wa yaro zama gaban babba, ya yi tambaya, ya kasa kunne, sannan ya mai da abin da ya ji rubutaccen labari.

Bari mu faro daga Amurka. A shekarar 1966, a wata makarantar sakandare da ke gundumar Rabun a jihar Jojiya, wani matashin malamin Ingilishi ya rasa yadda zai yi da ɗalibansa. Nahawu ya gundure su, littafin aji ba ya shiga kansu. Da ya zauna da su suka yi shawara, sai aka tsaya kan a fitar da mujalla. Yaran suka ɗauki rikoda da kyamara suka bi tsofaffin yankinsu gida gida, suna tambayar yadda ake gina ɗakin katako, yadda ake dafa sabulu, da magungunan da aka gada. Mujallar, mai suna Foxfire, ta fara fitowa a 1967. A 1972 aka tara hirarrakin cikin littafi, aka sayar da miliyoyin kwafi, har kuɗin ya isa sayen fili aka kafa gidan adana kayan tarihi.

Me ya sauya waɗannan yara? Da can jan biron malami kaɗai ke jiran rubutunsu. Yanzu kuwa tsohuwar da suka yi hira da ita za ta ji abin da suka rubuta, maƙwabta ma za su karanta. Sai kula da waƙafi da aya ya zama kare mutuncin kai da na mai labarin.

(GAJEREN KIƊA)

MAI GABATARWA: Mu ma a ƙasar Hausa mun ga amfanin irin wannan zama. A ƙarshen 1949 da farkon 1950, a garin Giwa ta ƙasar Zazzau, wata Baturiya mai suna Mary Smith ta riƙa zama da wata tsohuwa ungozoma, Baba mutuniyar Karo. Baba na magana, ita tana rubutawa da hannu. Ta ba da labarin harin masu kama bayi, da zuwan Turawa, da aure da kishi da ƙawance da bori. Baba ta rasu a 1951, littafin ya fito a 1954, kuma har gobe manazarta na komawa gare shi don sanin rayuwar matan Hausawa a wancan zamani. Da ba a sami mai haƙurin zama ya saurara ba, da duk ya bi ta kushewa. To, kusan kowace unguwa tana da irin Baba, kuma jikokinta na cikin ajinka, malam.

Sai dai akwai abin da malami zai fara warwarewa. Mun tashi da tarbiyyar cewa yaro ba ya tsare babba da tambaya. Wannan kunya abin so ce, ba za a ce yaro ya yar da ita ba. A koya masa dai yadda tambaya ke shiga ta ƙofar ladabi. Ya yi sallama, ya durƙusa ya gaisa, ya faɗi wanda ya aiko shi da abin da za a yi da maganar. In zai naɗi murya a waya, ya nemi izini tukuna. In an ce wannan kada ka rubuta, to ya zama amana.

Sai kuma ita kanta tambayar. A ce yarinya ta zauna kan tabarma gefen kakarta ta ce, "Kaka, kin sha wahala lokacin farin nan?" Amsa ɗaya za ta samu: "Ƙwarai kuwa." Magana ta mutu. Amma in ta ce, "Kaka, a shekarar farin nan, me kuke ɗorawa a murhu da dare?" sai tsohuwa ta gyara zama. Za a ji sunan ganyen da aka tafasa, da wanda ya tafi cirani bai dawo ba, da akuyar da aka sayar da ita a wulaƙance. In Kaka ta yi shiru tana kallon ƙasa, kada yarinya ta yi gaggawar jefa wata tambayar. Ta jira. Sau da yawa maganar da ta fi nauyi bayan wannan shirun take fitowa. Kafin a fita, malami ya sa yara su gwada da junansu a aji, bibbiyu, ɗaya na tambaya ɗaya na amsawa, sannan su yi musanya.

Manyanmu ba su cika lissafi da lambar shekara ba. Za su ce "shekarar da aka canja kuɗi" ko "bayan yaƙin basasa". Nan ɗalibi zai koyi bincike: ya gano cewa naira ta maye gurbin fam a 1973, yaƙin kuma ya ƙare a 1970. In labarin mutum biyu ya saɓa, ya rubuta duka, ya faɗi wanda ya ce kaza.

(GAJEREN KIƊA)

MAI GABATARWA: An dawo da murya a waya, saura babban aiki. Da farko ɗalibi ya kwafe maganar kamar yadda aka faɗe ta. In Basakkwaciya ce ko Badamagariya, ya bar mata karin harshenta, kada ya mai da ita Bakanuwa. Daga nan ya zaɓi zare guda. Hira takan yi rassa, daga aure a faɗa kasuwa, daga kasuwa a koma rasuwar wani, amma labari na son mafari da tsakiya da ƙarshe. Zai iya sauya jerin abubuwa, ya rage maimaici, ya bayyana ɗakin da aka zauna da abin da hannun mai maganar ke yi. Abin da ba shi da iko a kai shi ne ya sa wa mutum maganar da bai faɗa ba, ko da za ta ƙara wa labarin daɗi.

Mataki na ƙarshe shi ne ya koma ya karanta wa mai labarin. In ta ce ba haka na ce ba, a gyara. Wannan ne jarrabawar gaskiya, kuma yaron da ya ci ta ya sami abin da ɗan jarida da likita da alƙali duk ke bukata: jin magana yadda aka faɗe ta, da isar da ita ba ƙari ba ragi.

Malamai, wannan aiki ba ya bukatar kasafin kuɗi. Littafin rubutu, biro, da wayar aro sun wadatar. Ku fara a wannan zangon karatu da aji ɗaya, kowane yaro mutum ɗaya, shafi biyu. Ku ɗinke su wuri guda ku ajiye a makaranta. Ku kuma iyayenmu da kakanninmu, in yaro ya zo da takarda a hannu, ku ba shi wuri ku ba shi lokaci.

Nan muka kawo ƙarshen shirin. Sai wani makon in Allah ya kai mu. Mu kwana lafiya.

(KIƊAN RUFE SHIRI)