Fabo: Ƙwayar Cutar Da Ke Kashe Kwikwiyo, Danginta Kuma Ke Barazana Ga Masu Sikila

Mafarauta da makiyaya a Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura sun san wata cuta da ke faɗa wa 'yan kwikwiyo: kwikwiyo ya daina cin abinci, ya yi ta amai da gudawa mai jini da wari, cikin kwana biyu ko uku ya mutu. Sau da yawa ana ɗauka guba aka ba shi. Likitocin dabbobi kuwa kan fara zargin wata ƙwayar bairos mai suna fabo. Dangin wannan ƙwaya na da yawa, kuma ɗaya daga cikinsu mutane take kamawa, tana iya jefa mai ciwon sikila cikin haɗari.

Sunan ya samo asali ne daga kalmar Latin da ke nufin ƙarami. Faɗin ƙwaya ɗaya kamar nanomita 25 ne, wato sai an jera 40,000 kafin su cika milimita ɗaya a kan rularku. Ba ta iya hayayyafa sai a cikin ƙwayoyin jiki masu saurin rabuwa, shi ya sa take nufar hanji, ɓargo da ɗan tayi.

Kowa da nasa

Akwai fabo na kyanwa, na alade, na shanu, da na agwagwa da dinya. Na karnuka bai daɗe da bayyana ba: a 1978 aka gane shi, kuma cikin shekara biyu ya game duniya. Masana na ganin ya ɓullo ne daga na kyanwa ko wani makusancinsa, bayan 'yan canje-canje kaɗan da suka ba shi damar kama kare. Wannan misali ne na sauyin halitta da kuke karantawa a darasin bayoloji.

Ta kashin kare mai cutar yake yaɗuwa, kuma yana iya yin watanni a ƙasa bai mutu ba. Mutum kan kai shi gida a tafin takalmi. Kwikwiyo daga mako 6 zuwa wata 6 ya fi shiga haɗari. Sa'ar da aka yi, akwai allurar rigakafi: ana farawa daga mako 6 zuwa 8, a maimaita duk bayan mako uku ko huɗu har kwikwiyo ya kai mako 16. Ruwan bilic na kashe ƙwayar a kwano da daɓe. Fabon kare ba ya kama mutum.

Na mutane: B19

A 1974 wata masaniya 'yar Ostireliya, Yvonne Cossart, tana binciken jini a Landan, ta ga baƙuwar ƙwaya a samfuri mai lamba 19 a jerin B. Sunan B19 ke nan. Tana yaɗuwa ta tari da atishawa, musamman tsakanin yara 'yan makaranta. Ga mai cikakkiyar lafiya, abin ba ya wuce ɗan zazzaɓi, mura, ƙuraje ko ciwon gaɓoɓi. Wasu yara kumatunsu kan yi ja kamar an mare su, kodayake a baƙar fata ba a cika gani ba. Wanda ya warke yawanci ba ya sake kamuwa.

Ga mai sikila labarin daban ne. Jar ƙwayar jinin mai lafiya na yin kwana 120, ta mai sikila kuwa kwana 10 zuwa 20 kawai, don haka ɓargonsa kullum yana aikin cike gurbi. B19 kan tsayar da wannan aiki na tsawon mako ɗaya zuwa kwana goma. Ku kwatanta da randa mai yoyo da aka daina zuba mata ruwa. A 1981 likitoci a Ingila da Jamaika suka tabbatar da alaƙar B19 da wannan ƙarewar jini ta farat ɗaya.

Batun ya shafe mu ƙwarai, domin Nijeriya ta fi kowace ƙasa yawan masu sikila. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ana haihuwar jarirai kusan 150,000 da ciwon a ƙasar nan duk shekara. Mai juna biyu ma tana bukatar kulawa, domin ƙwayar na iya jawo wa ɗan tayi ƙarancin jini. Har yanzu B19 ba ta da allurar rigakafi, kuma maganin kashe bakteriya ba ya taɓa ta.

Abin da ɗalibi zai iya yi

Idan abokin karatunku ko ƙaninku mai sikila ya yi zazzaɓi, ku duba tafin hannunsa, leɓɓansa da cikin fatar idonsa. In sun yi fari fat, ga kasala, jiri, haki ko bugun zuciya da sauri, kada a tsaya jiƙe-jiƙe ko jiran gari ya waye. A makarantar kwana ku gaya wa shugaban ɗaki ko malamin da ke kula da ku nan take. A gida ku gaya wa iyaye, a garzaya Babban Asibitin Kazaure, na Babura, ko asibiti mafi kusa da ake gwajin jini. Ƙarin jini a kan lokaci na ceton rai, kuma ɓargo kan koma aiki da kansa bayan 'yan kwanaki. In gidan akwai wani mai sikila, shi ma a sa masa ido, domin ƙwayar kan bi 'yan gida ɗaya.

Ku riƙa rufe baki da hanci idan za ku yi tari, ku wanke hannu da sabulu, sannan kowa ya san rukunin jininsa, ko AA ne, ko AS, ko SS. Mai kwikwiyo kuma ya kai shi ofishin likitan dabbobi na ƙaramar hukumarsa tun yana ɗan mako shida.