Bango, Malamin Farko a Wasan Lakuros

Lakuros wasa ne da ya samo asali daga 'yan asalin Arewacin Amurka. A 1867 wani likitan haƙori a Kanada, William George Beers, ya tsara dokokinsa, kuma an sanya shi cikin wasannin Olamfik na 2028. Ana yin sa da ƙwallon roba mai tauri da sanda mai ƙaramar raga a kanta.

Abu huɗu ake so yaro ya ƙware a kansu: kwasar ƙwallo daga ƙasa, riƙe ta a raga yana gudu, jifa da cafewa. Wajen riƙewa, sai ya riƙa murza sandar da wuyan hannu, domin wannan lilon ne ke hana ƙwallo zubewa. Wajen cafewa kuwa, ya ɗan ja sandar baya, kamar mai tarar ƙwai, don kada ƙwallo ta yi tsalle ta fice.

Jifa da cafewa ba sai da abokin wasa ba. Yaro ya sami bango marar taga, ya jefa, ya cafe, dama da hagu daidai wa daida. Wanda ya saba da hannu ɗaya, da zarar abokin hamayya ya tare masa wannan ɓangaren, to wasansa ya ƙare.