Dogon Hutu: Kada Karatun 'Ya'yanmu Ya Zube

Jama'a 'yan'uwa mazauna Ikko, Badun, Anaca da Fatakwal, da yawa daga cikinmu mun baro 'ya'ya a gida wajen kakanni ko wajen iyayensu mata. Yau muna so mu ja hankalinku ga wata asara da ke samun yaran nan kowace shekara ba tare da an farga ba, watau zubewar karatu a lokacin dogon hutu.

A Jihar Kaduna makarantu kan tashi wajen ƙarshen Yuli, ba a komawa sai Satumba. Wannan kuwa shi ne tsakiyar damina. A ƙauyukan Kafanchan, Kwoi da Kachia yaro na gonar citta ko ta masara tun da safe. A Sabon Tasha kuwa, unguwar da ke kan hanyar Kachia a kudancin birnin Kaduna, za ka ga yarinya da farantin dafaffiyar gyaɗa tana bin motoci. Ɗan mai hali yana zuwa darasin hutu na kuɗi. Ɗan talaka sai ya yi mako shida bai buɗe littafi ba.

Masana sun daɗe da auna wannan abu. A 1982, a birnin Baltimo na Amurka, wani malamin jami'a, Karl Alexander, da abokan aikinsa suka fara bin yara wajen 800 tun daga aji ɗaya. Suka gano cewa muddin makaranta na buɗe, ɗan talaka da ɗan mai kuɗi kusan tare suke ci gaba; a lokacin hutu ne tazara ke buɗewa. A 1996 kuma Harris Cooper ya tattara binciken da aka yi kafin sa, ya nuna cewa yaro kan yi asarar karatun kamar wata guda, kuma lissafi da rubuta kalmomi daidai su suka fi zubewa. Dalili a fili yake: abu ne da sai da maimaici yake zama a ka.

Tun da aka soma shirin ilmin firamare kyauta na UPE a 1976, gwamnati ta buɗe wa ɗan talaka ƙofar aji. Amma ranar da aka rufe ƙofar don hutu, sauran aiki na iyaye ne. To, mu da muke nesa, me za mu yi?

Da farko, in za ka aika da kuɗin cefane, ka ware na littafin karatu guda, da na rubutu, da fensir. Na biyu, ka nemi wani ɗan sakandare a unguwa, ko ɗalibin Kwalejin Ilmi ta Gidan Waya da ya zo hutu, ya riƙa zama da yara sa'a guda da yamma bayan an taso daga gona, ka riƙa ba shi ɗan hasafi. Na uku, in ka buga waya gida, ka ce a ba yaron ya karanta maka shafi guda. Yarinya mai talla kuma a bar ta ta lissafa cinikinta a rubuce. Wannan ma darasi ne.

Har ila yau, ƙungiyoyinmu na 'yan gari ɗaya da ke taro a Agege ko Sabo suna iya haɗa karo-karo, a sayi allo da alli, a roƙi zauren mai unguwa ko harabar masallaci ko majami'a, yaran unguwa duka su amfana.

Masu iya magana sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mun baro gida ne domin yaran nan su fi mu. Kada mu bari abin da suka tara a wata tara ya tsiyaye a mako shida. Allah ya raya mana su.